Zuwa ga aminiyata, daga Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya sanyin Jos? Kin yi shiru na yi shiru, to ni dai na gaji da wannan gasar. Da ma kan ɗinkin nan nake son tambayarki, amma bari in fara ba ki labarin Auta.

Kin san tun da ta haihu take fama da gaɓɓai. Da safe yatsunta sandarewa suke, ko zani ba ta iya ɗaurawa sai hantsi ya dubi ludayi. Ga zubar gashi, ga wani tabo a kumatu da karan hanci duk ranar da ta sha rana. Gwaggo ta rantse jifa ne, Inna ta ce amosani ne, wani mai kemis kuma ya yi ta ɗura mata prednisolone har fuska ta kumbura.

Daga ƙarshe aka tura mu Sakkwato. Likitan ya ce garkuwar jikinta ce ta juyo tana yaƙar jikin, kuma sinadaran da take yaƙin da su ana iya ganinsu a jini. Gwajin farko ANA sunansa, aka kuwa same shi. Ni har na fara hawaye, ya ce Hajiya dakata tukuna. Kusan duk mai cutar lufus, wato ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, ana samun ANA a jininsa, amma akwai masu lafiya ƙalau da ake samu a nasu, musamman mata da tsofaffi. Sai da aka ƙara gwajin anti-dsDNA, wanda ya fi nuna lufus ɗin kai tsaye, aka auna fitsari ko ƙoda na zubar da furotin, sannan ya haɗa da abin da idonsa ya gani. Gwajin RF da anti-CCP, na amosanin nan mai lanƙwasa yatsu, ba a ga komai ba. Lufus ce dai. Ashe cikin mutum 10 masu ita kusan 9 mata ne, mu kullum mu ne a gaba.

Kin san maganin? Hydroxychloroquine, ɗan uwan kulorokwin ɗin da ya sa kika kwana kina susa da totuwar masara a makaranta, kina cewa sai kin kai ƙarar nas! Za a riƙa duba mata ido saboda shi. Prednisolone ɗin kuma a hankali ake janye shi, ba a yanke shi dare ɗaya. Rana ce aka hana ta, ke ji, a Kebbi! Yanzu da lema take zuwa ko maƙwabta, yaran unguwa na ce mata amarya.

Af, 'yar gidan Liman an sa rana bayan girbin shinkafa, kuma ba wanda kike zato ba ne. Gwaggo kuwa har gobe tana kawo rubutu, Auta na sha tana haɗawa da ƙwayarta, an zauna lafiya.

Ki gaida Baban yara. Busasshen kifin Yawuri na nan na ajiye miki, in kin ƙi zuwa in cinye abina.

Taki har kullum.