A bar ɗalibai su riƙa duba rubutun juna

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili.

Ni malamin tarihi ne a sakandare, kwanaki na ba yara aikin rubutu kan tsofaffin ganuwoyin birane, sai na ce kafin su kawo min kowa ya miƙa wa na kusa da shi ya karanta ya yi masa gyara. Wallahi abin da na gani ya burge ni. Wata yarinya ta rubuta wai Muhammadu Rumfa ne ya fara gina ganuwar Kano, ƙawarta ta ce mata a'a, Gijimasu ne ya aza harsashi tun ƙarni na 12, Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 faɗaɗawa ya yi. Wani kuma ya cika shafi biyu da yabon ganuwar Kustantiniyya, wato birnin Istanbul na yanzu, abokinsa ya rubuta masa a gefe, to in tana da ƙarfi haka ya aka yi Daular Usmaniyya ta ci garin a 1453? Dole ya koma ya karanto batun manyan igwa da aka yi ta harbin bangon da su.

Matsalar dai wasu kunya suke ji, sai su rubuta "ya yi kyau" kawai su miƙa, wasu kuma nahawu kaɗai suke bi su bar ainihin maganar. Yanzu dai na ce kowa sai ya rubuta tambaya ɗaya tak da marubucin bai amsa ba. Malamai ƴan uwana ku gwada a ajinku.

Naku,
Wani malamin tarihi