Amsa Ga Ɗana Mai Tambaya Kan Tara Kan Sarki

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar 9 ga Oktoba, a shirin rediyo na Ranar Gidan Waya ta Duniya, ka bugo ka ce: "Baba, laifin wa ne da matasa suka daina tara kan sarki?" Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ga amsar.

Ba laifinku ba ne. Mu a zamaninmu har gida kan sarki yake iske mu, kuma kyauta. Wasiƙa ta zo daga ɗan'uwa a Kumasi ko Khartum, manya su karanta, yaro ya roƙi ambulan. Sai in yanke kusurwar, in jiƙa a tasa da ruwa mai ɗumi har takardar ta saki, in shanya a kan jarida, in danne da littafi. Washegari a makaranta a yi musaya, biyu na Najeriya a kan ɗaya na Masar.

Tun da wayar salula ta shigo a 2001 wasiƙa ta fara ja da baya, WhatsApp ya zo ya ƙarasa ta. Yaron da bai taɓa ganin ambulan a hannun mahaifinsa ba, ina zai ga abin tarawa? A Turai ma masu abin sun tsufa. Kan sarkin British Guiana (ƙasar Guyana ta yau, a Kudancin Amurka) na 1856, wanda aka saya kusan dala miliyan 9.5 a 2014, miliyan 8.3 aka ba da shi a 2021.

Kuɗin bai dame ni ba. Abin da ke min ciwo tarihin da ke zubewa. Sunan kansa tarihi ne: na farko a duniya, wanda Ingila ta fitar a 1840, kan Sarauniya Victoria ne a jiki, haka ma na Arewacin Najeriya na 1900. A kundina akwai na 1953, na kwabo ɗaya da rabi mai hoton gyaɗa, da na kwabo mai mahayan Borno. Duk lokacin da na ɗauko na gyaɗar nan sai dalar gyaɗa ta Kano ta faɗo min, wadda jikokina ba su taɓa gani ba.

Don Allah ka duba tsohuwar adakar kakarka kafin gara ta riga ka. In ka samu ambulan, kada ka ɓamɓare kan sarkin, hatimin gari da kwanan watan ma abin adanawa ne. Kawo min shi yadda yake, mu duba tare.

Naka,
Baban da ka tambaya