Zuwa ga ɗana, kan maganar canza waya

Assalamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya, ya ƙoƙari ya hidimomi. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaisheka.

Naga saƙonka inda kake tambaya ko ka ajiye ƙaramar wayarka mai botin ka sayi babba ta shafawa, ko kuwa ka ci gaba da lallaɓa ta tunda har yanzu tana kira tana amsa kira. Naji daɗi da ka tambaya kafin ka fidda kuɗinka. Amsata itace ka saya, lokaci yayi, amma da sharaɗi biyu, kar ka rabu da tsohuwar, sannan kar ka saya sai ka iya faɗa min da bakinka aikin da sabuwar zata yi maka wanda wannan ta kasa. In amsar kawai itace abokai duk sun riƙe babbar waya kai kaɗai ne kake fiddo ƙarama a cikin mutane kana jin kunya, to ka dakata tukuna, wannan dalilin baya ƙarewa, ko ka sayi wadda tafi ta kowa bayan wata shida wani zai zo da wadda ta fi taka.

Bari in fara da abinda yasa nace lokaci yayi. Ita ƙaramar waya ba lalacewa take ba, duniya ce take janye mata ƙasa a hankali. Tun da Apple suka fito da iPhone a 2007, wayar Android ta farko ta biyo baya a 2008, masu ƙera manhajoji suka karkata can gaba ɗaya, yanzu neman aiki, cike fom, harkar banki, taswirar hanya, takardar da za'a turo maka ka karanta ka sa hannu ka mayar, kusan komai an gina shi ne da tunanin cewa kana riƙe da babbar waya. WhatsApp da kansa yayi aiki a kan ƙananan Nokia na wani lokaci amma a ƙarshen 2018 suka daina tallafa wa masu tsarin S40. BlackBerry da a da ake ganin wayar manya ce, a Janairun 2022 kamfanin ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Sannan ga maganar netwok, yawancin ƙananan wayoyin da aka daɗe da ƙerawa a kan 2G kawai suke tafiya, kuma akwai ƙasashen da suka riga suka rufe shi, Singafo ta rufe nata 2G a 2017, kamfanin AT&T na Amurka ya rufe 2G a 2017 ya bi da 3G a 2022, Ostireliya ma ta kashe 3G a 2024. A wurare da dama 2G zai jima yana aiki, ban ce gobe wayarka zata mutu ba, amma kasan inda aka dosa. Mutum mai shekarunka da yake son ya nemi na kansa bai kamata ace duk sanda aka turo masa takarda sai ya je ya ari wayar wani ya buɗe ba, har sirrinsa ya zauna a wayar da ba tasa ba.

Amma fa inaso ka shiga da idonka a buɗe, domin akwai abubuwan da zaka rasa kuma babu mai sayar da waya da zai zauna ya lissafa maka su.

Na farko caji. Nokia 1100 da ta fito a 2003, wadda aka sayar da sama da miliyan 250 a duniya, batirinta bai ma kai mAh 1000 ba (mAh shine ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) amma sai tayi kwanaki ba'a jona ta ba, saboda ɗan sikirin ɗinta baya cin komai kuma ba abinda take yi a ɓoye in ka ajiye ta. Babbar waya ta yanzu zaka ga an rubuta mAh 5000, ninki biyar kenan ko fiye, amma da ƙyar take kai ka kwana ɗaya zuwa biyu, domin wannan faffaɗan gilashin mai haske shine babban mai shan wuta, ga manhajoji suna ta leƙa intanet ko wayar tana aljihu, ga neman sabis in netwok yayi rauni wanda shima yana zuƙe batir sosai. Zaka koma mutumin da duk inda ya shiga idonsa na neman soket. Kuma batirin lithium yana tsufa, Apple da kansu sun ce batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita an ƙera shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500, kaga in kullum kana cika ta tana ƙarewa, kafin shekara biyu zaka fara jin bambanci. Zafi ne babban makashinsa, kar ka riƙa barinta a rana ko ƙarƙashin filo tana caji, kar kuma ka riƙa buga gem tana jone har bayanta yayi zafi. Tsohuwar wayarka in batir ya mutu murfi kake zarewa da farce ka sa wani, wannan kuwa a manne yake da gam sai an kai wa mai gyara.

Na biyu gilashin kansa. Ka fahimci yadda yake aiki don kar ka riƙa danna shi da ƙarfi kamar botin, a ƙarƙashin gilashin akwai wata siririyar raga mai ɗauke da ɗan lantarki, fatar yatsanka ce take taɓa wannan lantarkin wayar ta gane inda ka sa hannu, shi yasa in hannunka da ruwa ko gumi zaka ga tana buɗe abinda baka ce ba, in kasa safar hannu kuma tayi shiru kamar ba'a taɓa ta ba. Wayar da kake riƙe da ita yanzu in ta faɗi murfi yayi gabas batir yayi yamma, ka tsince ka harhaɗa ka kunna ta kama, sai dai ka gyara agogo. Wannan kuwa faɗuwa ɗaya a kan siminti ta gefen kusurwa ta isa, zaka ɗago ta kaga tsaga ta tashi daga kusurwar ta bazu ko'ina, wani lokacin baƙin tabo ya fito yana yaɗuwa, kuma canjin sikirin yana cikin gyara mafi tsada a waya. Ranar da ka saya, ranar zaka sa mata sikirin gad da riga mai kauri a gefe, kar kace sai gobe.

Akwai kuma wani abu da mutane basa lura dashi sai sun canza. Da botin hannunka ya san hanya, akwai ɗan tudu a kan lamba 5 da yatsa yake lalubawa, kana iya kiran lamba ko ka amsa kira ba tare da ka kalla ba, duk da wahalar danna 7 sau huɗu kafin harafin s ya fito. Gilashi sumul yake, ba abinda yatsa zai kama, dole sai ido ya sauka a kai. To wannan ne nake jin tsoro a kan hanya. Ɗana don Allah in kana tuƙi ko kana tsallaka titi wayar ta zauna a aljihu, duk wanda ya kira zai sake kira, babu saƙon da ya kai ranka.

Yanzu maganar wacce zaka saya. Kar kyamara ta ruɗe ka, zaka ga an jera idanu uku huɗu a baya an rubuta megafiksel masu yawa, sau da yawa ɗaya ce kawai ke aikin kirki sauran ado ne. Abinda zaka tambaya na farko shine shekara nawa kamfanin yayi alkawarin turo ofdet na tsaro, domin ita babbar waya ƙaramar kwamfuta ce, kullum ana gano ɓaraka a cikinta ana toshewa, ranar da aka daina turo mata gyara ta fara zama gida mara ƙyaure ko da jikinta sabo fil ne. Google sun yi alkawarin shekara 7 a kan Pixel 8 da ta fito a 2023, Samsung ma haka a kan Galaxy S24 a 2024, amma waɗannan manya ne masu tsada, ƙananan masu araha da yawa shekara biyu ne ko ma ƙasa da haka. Ban ce ka ɗora wa kanka abinda yafi ƙarfinka ba, kuma ban yarda ka ci bashi saboda waya ba, sam. Amma araha bata ado, in ka sayi mai RAM 2GB, wato ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita, da ma'aji 32GB zaka ga kafin a je ko'ina tana sandarewa tana ce maka wuri ya cika kana ta goge hotuna, gara ka ƙara haƙuri ka tara ka samu mai RAM 4GB ko sama da ma'aji aƙalla 64GB, in 128 ta samu yafi. Ka tabbata tana da 4G, kuma bakin cajinta USB-C ne wanda yanzu kusan kowa ya koma kansa. In ta hannu zaka saya ka ninka hattara, ka duba wane Android ne a kai don tun Oktoban 2023 WhatsApp baya aiki a ƙasa da Android 5.0 kuma haka zasu ci gaba da ajiye tsofaffin tsarin a baya, ka tabbata mai ita ya cire akawun ɗinsa na Google ko iCloud a gabanka, in ba haka ba kana yi mata wanki, wato ka goge komai na ciki ta koma kamar sabuwa, zata kulle ta nemi kalmar sirrin da baka da ita. Ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, zata fito, ka gwada da wadda ke jikin kwali, ka rubuta ta a takarda ka adana.

Sannan ka sani daga ranar da ka sa harkar kuɗinka da hotunanka da imel ɗinka a ciki, ɓatan waya ya tashi daga ɓatan waya kawai. Ka sa mata makulli mai lamba shida ba ranar haihuwarka ba, ka sa wa sim ɗin ma nasa PIN saboda ɓarawo sau da yawa layin yake so ba wayar ba. Duk wanda ya kira ka ko ya turo saƙo yace ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzun nan, ko yace daga banki yake ko daga kamfanin layi, ɗan damfara ne, kashe wayarka kawai. Manhaja kuma daga Play Store ko App Store kaɗai, kuma ka riƙa karanta abinda take neman izini a kai, me ya haɗa manhajar tocila da lambobin mutanen da ke wayarka?

Duk waɗannan da na lissafa da sauƙi, kuɗi da kula suna maganinsu. Wanda yafi damuna shine lokacinka. Ƙaramar waya aikinta yana ƙarewa, ka kira ka gama ka ajiye, ba abinda ya rage a ciki da zai riƙe ka. Babbar bata da ƙarshe, kana jan yatsa sama wani bidiyo na shigowa, kuma ba haka kawai abin ya zo ba, kamfanonin da ke baka waɗannan manhajoji kyauta da talla suke samun kuɗi, iya daɗewar idonka a kai iya ribarsu, sun ɗauki ƙwararru aikinsu kenan su gano abinda zai hana ka ajiyewa. Abin ya kai a 2018 Apple da Google da kansu suka saka ma'aunin lokaci a wayoyinsu, Screen Time da Digital Wellbeing, don mutum yaga awa nawa ya ƙone. Na sha ganin yara masu hankali da natsuwa, ana magana dasu kai a sunkuye suna amsa "eh" basu ji me aka ce ba, dare ya raba hasken waya na haska musu fuska, da safe su tashi jiki a mace. Kai yaro ne mai karatu mai sauraron mutane, wallahi wannan halin naka yafi min kowace waya daraja kuma bana so in ga ya zaizaye a hankali ba tare da kai kanka ka lura ba. Don haka tun ranar farko ka shiga saiti ka kashe sanarwar duk wata manhaja in banda kira da saƙon mutanen da suka zama dole, kar ka shiga kowane guruf da aka jefa ka, in zaka kwanta ka jona ta nesa da shimfiɗa, in kana zaune da babba ko baƙo ka kife ta ko ka sa a aljihu. Ka riƙa duba ma'aunin nan duk ƙarshen mako, in kaga awannin sun fi abinda zaka iya faɗa min ba tare da ka sunkuyar da kai ba to ka rage. Abinda zaka rubuta ko ka ɗora kuma ka ɗauka cewa baya goguwa, ko ka goge wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

A nan ne tsohuwar zata yi maka rana, shi yasa nace kar ka bayar da ita kar ka sayar. Ka bar layi ɗaya a ciki, wanda mu na gida muke kiranka dashi, ka riƙa yi mata caji lokaci-lokaci don batirin kar ya mutu a ajiye. Ranar tafiya mai nisa, ko ranar da babbar ta mutu ko tana wurin gyara, ko lokacin jarrabawa da kake so ka tattara hankalinka wuri ɗaya, sai ka ɗauki ƙaramar ka bar waccan a ɗaki, duk mai nemanka da gaske zai same ka.

Kafin ka canza ka kwashe lambobin mutane, wasu suna kan sim wasu suna cikin wayar kanta, waɗanda ke cikin wayar basa bin sim in ka zare shi, ka mayar dasu tukuna sannan in ka buɗe akawun a sabuwar ka ɗora su can yadda ko waya ta ɓata suna nan. Ka duba girman sim ɗin ma, sababbin wayoyi ɗan ƙaramin nan nano suke ɗauka, gara kaje kamfanin layin su canza maka da ka sa almakashi ka lalata shi.

Ka zaɓo guda biyu ko uku da ƙarfinka zai iya, ka turo min sunayensu da lambar samfurin kafin ka biya, mu duba shekarun ofdet ɗinsu da batirin tare. In ta zo hannu kuma kiran bidiyo na farko na mahaifiyarka ne, ta daɗe tana cewa murya kaɗai bata isar ta, so take ta ganka da idonta ta tabbatar baka rame ba.

Allah ya yi maka albarka ya tsare min kai.

Mahaifinka