Masu sauke mota ƙasa, ku daina ɗora wa mai taya laifi

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni bakanike ne a nan Garwa, aikin ƙasan mota nake yi, na haura shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, kuma abun da ya sa na ɗauki waya na rubuto maka shi ne wannan yayin da samarinmu suka shigo da shi na sauke mota ƙasa har ta kusa lasar kwalta. Ni ban ƙi yayin ba, wallahi in aka yi shi daidai mota tana yin kyau kuma tana zama daram a kwana, yadda ake yin sa a nan ne yake ci min rai.

Kwanakin baya wani yaro ɗan unguwarmu ya shigo garaji da Corolla ɗinsa rai a ɓace, wai mai taya ya cuce shi ya sayar masa da jabu, wata uku kacal da sa tayoyin gaba amma mota ta fara kuka tana ja gefe. Ka tsaya daga waje ka kalli tayar sai ka rantse sabuwa ce. Na ce ɗana juya sitiyari har ƙarshe ka zura hannunka ta ciki, yana zurawa ya zare da sauri don waya ce ta soke shi, gefen ciki ya cinye tas har ƙarfe ya fito, kuma da wannan tayar yake shirin ɗaukar mahaifiyarsa zuwa Marwa washegari a cikin zafin nan namu da ke wuce digiri 40. Na ce masa mai taya bai cuce ka ba, ranar da ka sauke motar nan ka kai an yi mata paralelizim, wato daidaita bakin tayoyi? Ya ce a'a Kawu, ai ba mu taɓa sitiyari ba, sifirin kawai muka canza.

To a nan kuskuren yake, kuma kusan kowa haka yake tunani. Hannun ƙasa da ke riƙe taya da sandar sitiyari da ke juya ta ba a wuri ɗaya aka ɗaure su ba kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka da zarar jikin mota ya sauka santimita 4 ko 5 kowanne sai ya koma wani kusurwa dabam, bakin tayoyin ya buɗe ko ya haɗe ba tare da kowa ya sa sifana ba. Wannan buɗewa da haɗewar baki shi ne muke ce wa paralelizim, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi su ce alaimen. Kuma shi ne babban mai cin taya. Mutane sun fi ganin kwanciyar taya, wato yadda samanta ke shigewa ciki, karosaj a bakinmu, kamba a bakin 'yan Najeriya, saboda shi ido ke gani daga nesa, sai a ɗora masa duk laifin. Eh yana ci, amma a hankali yake ci. Bakin taya kuwa in ya kauce da rabin digiri kawai, ka yi lissafi da kanka, a kowane kilomita ɗaya ana jan tayar nan a gicciye kusan mita 9, daga Garwa zuwa Marwa wajen kilomita 200 ne, kenan kamar ka ɗaure taya a bayan mota ka ja ta a kaikaice kusan kilomita 2 a kan kwalta mai zafi. In kuma ta riga ta kwanta ciki, duk gurzar nan a kan siririn gefen ciki take sauka. Alamarsa ma ba ta da wuya, ka shafa tafin hannunka a fuskar taya daga waje zuwa ciki sannan ka dawo, in ka ji santsi ta ɗaya hanyar ka ji kaifi kamar haƙoran zarto ta ɗayar, bakin taya ne ya kauce.

Ga abun da ni nake sa wa motar da aka sauke wadda za ta yi zirga-zirgar gari da tafiye-tafiye, ba ta tsere ba. Bakin tayoyin gaba sifili, ko in haɗe shi ciki da milimita ɗaya gaba ɗaya, ba na barin sa a buɗe ko kaɗan duk da na san masu tsere suna buɗe shi don mota ta yi saurin shiga kwana, su ai suna canza taya kullum kai kuma da guminka ka saya. Kwanciyar gaba daga digiri 1 zuwa 1 da rabi ciki ya wadatar, in ta kai 2 ko ta wuce sai a nemo kusoshin gyaran karosaj masu ƙusumbi a sa a gindin amortise, wato ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, a dawo da ita. Abu mafi muhimmanci hagu da dama su zo daidai, bambancinsu kar ya wuce rabin digiri, in ba haka ba mota za ta riƙa ja zuwa ɓangaren da tayarsa ta fi miƙewa tsaye. Shas kuwa, wanda ke dawo da sitiyari tsakiya bayan ka sha kwana, yawancin ƙananan motocinmu ba su da wurin gyara shi, in ka ga ya bambanta sosai tsakanin ɓangarorin biyu ka nemi abun da ya lanƙwashe.

Kuma motoci ba iri ɗaya ba ne, dan Allah abokan sana'a mu riƙa duba wannan. Corolla ta wajajen 2003 zuwa 2007 bayanta gatari ɗaya ne mai haɗe, ba ta da wurin murɗawa, in ya kauce sai dai a sa 'yan siraran faranti a bayan cibiyar taya ko a canza gatarin. Honda Civic ta kafin 2001 mai hannu biyu ce sama da ƙasa, tana sauka kaɗan tayoyin za su kwanta sosai fiye da na Corolla. Mercedes 190 kuwa hannu biyar ne a kowace tayar baya, wanda ya gyara gabanta kawai ya ce ya gama to bai ma fara ba, don in baya ya karkace mota tafiyar kare za ta riƙa yi, kai kuma ka yi ta kokawa da sitiyari.

Wani abun da ke ba ni haushi shi ne yadda ake amfani da injin kwamfuta na awon zaman taya. Injin nan lambobin kamfani ke cikinsa, na mota a tsayinta na asali. Sai ka ga an ɗora saukakkiyar mota, yaron da ke kan injin ya ga allo ya nuna jan launi a wajen karosaj ya ce wannan ba ya gyaruwa, ya ɗan murɗa sandar sitiyari har allo ya nuna kore, a karɓi kuɗi shi ke nan. Koren nan faɗi gare shi, kana iya zama a can bakin iyakarsa taya tana ci. Mai mota ka nemi a nuna maka lambobin, ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin gyara da bayan gyara, haƙƙinka ne. Wanda kuma yake Gidar ko Figil ko wani gari da babu inji kar ya raina igiya, zare biyu a miƙe gefe da gefe da ma'auni mai milimita a kan daɓe mai lebur suna fitar da bakin taya tsaf in mai aikin yana da haƙuri, da su muka koya.

Kafin a kai ga awo ma akwai abubuwan da in ba a yi su ba aikin banza ne. Iskar taya ta zama daidai, rotul da bushin, wato ƙwallon mahaɗar hannun taya da robobinsa, waɗanda suka mutu a canza su tukuna don ba a auna abun da ke rawa. Kusoshin bushin kuma a ɗaure su mota tana zaune a kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba, in ka ɗaure a rataye robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Sabon sifirin yana ƙara zama kaɗan, don haka ni nakan daidaita bakin taya a ranar, in ce mutum ya yi sati ɗaya ko biyu yana hawa ya dawo a yi cikakken awo.

Masu yanke sifirin da injin yankan ƙarfe ko su gasa shi da wutar walda kuwa, ku ji tsoron Allah ku bari. Ba za ku taɓa yanke biyu su zo daidai ba, wuta kuma kashe ƙarfen take yi, ga amortise ɗin asali ba shi da sauran wurin motsi sai ya riƙa dukan ƙarshe a kowane rami. Ku tuna hanyar da muke bi, ramukan da damina ke bari, tudun rage gudu a ƙofar kowane ƙauye, gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundere, ga mutum biyar a ciki da buhun albasa a but. Santimita 3 ya isa a ƙasar nan, kuma duk ramin da ka faɗa har ka ji a haƙoranka ka koma a sake duba maka.

Shi yaron nan mun ɗaga motarsa da santimita 2, muka sa kusoshin karosaj, muka mayar da bakin gaba sifili, ya sayi tayoyi biyu, tafiyar Marwa ta ƙara kwana biyu. Na ce in ya dawo ya biyo ta garaji in sake zura hannu ta ciki in ji.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani bakanike daga unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru