Ku daina ƙwace yara daga hannun iyayensu mata idan aure ya mutu

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyaye maza na Kano. Da zarar aure ya mutu, sai a jira yaye, ko a ga yaro ya fara wayo, a aiko a ɗauke shi daga hannun uwarsa, a ce "yaro ne, kwana biyu zai manta."

Ni malamar ajin ƙananan yara ce a Gwammaja, 'yan shekara uku zuwa biyar nake riƙewa. Akwai wata yarinya mai surutu da muka rabu lafiya, bayan hutu ta dawo ba ta cewa uffan. Ta koma fitsari a wando, ko alwala zan fita sai ta riƙe hijabina. Da na bincika, ashe an karɓe ta daga uwarta, ta yi wata guda gidan gwaggo, ta koma gidan kaka, yanzu tana hannun amarya. A gidan cewa suke ta yi hankali tunda ta daina kuka.

Shirun nan shi ya fi tayar min da hankali. Likitan ƙwaƙwalwa na Ingila, John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan kulawar uwa a 1951, shi da abokin aikinsa James Robertson sun lura da ƙananan yaran da aka raba da iyayensu mata. Da farko yaro zai yi ta kuka yana neman uwarsa, daga nan ya fidda rai ya yi lamo, a ƙarshe ya nuna ko-in-kula, ko uwar ta dawo ya kau da kai. Matakin ƙarshen nan shi muke kira mantuwa.

Kada a ce zancen Turawa ne. Mary Ainsworth, masaniyar halayyar yara, a ƙauyukan Uganda kusa da Kampala ta fara nazarinta a 1954, kan uwayen da ke goyo a baya kamar namu. Ta ga yaron da ya amince uwarsa na kusa shi ke sakin jiki ya rarrafa ya yi wasa. A shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro na ƙulla sababbin hanyoyi fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma abin da ke ƙarfafa su shi ne ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi kuka a rarrashe shi. Tsoron da ya daɗe ba mai kwantar da shi kuwa yana taɓa barci da magana da koyo.

Addininmu ma bai ba da wannan dama ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta yi wani aure ba. Ko ta yi, kaka ta wajen uwa ce ke gaba. Ciyarwa na kan uba duk inda yaron yake. Maza da yawa, wallahi, gudun ciyarwar ne ko huce haushi.

Na san wani lokacin dole ce ke sa a raba. Wata masaniyar halayyar yara, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Amurka a 1955. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin wahala sun girma lafiya lau, kuma abin da ya taimake su har da samun babba guda da ya riƙe su da ƙauna, kaka ko inna ko malami. Saboda haka in za a mayar da yaro, a bar shi ya saba da mai riƙon tukuna, a tsayar da shi hannu ɗaya, kuma a bar uwarsa ta riƙa zuwa.

Ina roƙon limamanmu su sa wannan a huɗubar Juma'a, Hukumar Hisba kuma, idan tana sasanta ma'aurata, ta fara tambayar inda yaron zai kwana da wanda zai kwana da shi.

Wassalam.

Wata malama,
Gwammaja, Kano.