Kayak ɗin teku daban, ruwan dam ɗinmu daban

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Dan Allah a bani ɗan fili in yi magana akan wannan ƙaramin kwale-kwale na mutum ɗaya da ake cewa kayak, dan naga samarinmu a nan Katsina sun fara ɗaukinsa tunda suke ganin bidiyon 'yan Legas a TikTok suna tuƙa shi a Tarkwa Bay da wajen Lekki, har wasu na maganar a haɗa kuɗi a yi odarsa a kai dam ɗin Zobe ko na Ajiwa a riƙa bada haya ranar Asabar da Lahadi. Ni banga laifin sana'ar ba, abinda ke damuna shine duk hoton da ake turowa a guruf na dogon nan ne siriri, na teku, wai shi yafi kyau.

Toh wannan dogon ai ba dan mu aka yi shi ba. Asalinsa na mutanen Inuit ne can Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, da fatar dabbar ruwa suke lulluɓe shi su fita farauta cikin ruwan ƙanƙara. Na yanzu tsawonsa kusan mita 5 ne, faɗinsa kuwa bai cika wuce santimita 60 ba, mutum cikin rami yake zura ƙafafu har ƙugu sannan a ɗaure bakin ramin da wani zane dan kar igiyar ruwa ta shiga. Yana da gudu kam, kuma gaba da baya akwai ɗakunan iska a toshe yadda ko ya kife bazai nutse ba, amma kai fa da ke ciki? Kanka na ƙasa ƙafafunka na cikin rami, sai in ka koyi yadda ake fincike zanen ka fito ko ka juyo dashi da filafili, kuma wannan juyowar sai da malami da yawan gwaji. Mu nan da yawan yaranmu ko iyo basu iya ba.

Wanda ya dace da ruwan kwance irin namu shine wanda ake zama a samansa, gajere mai faɗi, mita 3 zuwa 4. In ka duba ƙasansa zaka ga wasu 'yan ramuka sun huda har ƙasa, wanda bai sani ba sai ya ɗauka lalacewa yayi, alhali ta nan ruwan da ya fantsamo yake zurarewa da kansa. In ka faɗa ruwa kawai ka kamo shi ka sake hawa. Bashi da sauri, toh ina zaka da sauri a Ajiwa?

Sai maganar abinda aka ƙera shi dashi. Na roba yafi nauyi amma yafi arha kuma yana jure gurzar dutse, matsalarsa rana, kuma kun san ranar Katsina a watan Afirilu, in aka barshi a fili sai ya koɗe gindinsa ya lotsa kamar bokitin da aka manta a tsakar gida, dole sai an yi masa rumfa. Na faiba baya da nauyi amma tsada, kuma dutse ɗaya ya isa ya tsaga shi. Na hurawa kuwa ni bana ba kowa shawara, iskar hunturu in ta taso zata kwashe shi zuwa tsakiyar dam kana ji kana gani.

Kuma dan Allah duk wanda zai saya ya sa kuɗin rigar kariya a lissafi tun farko, kowane kwale-kwale da rigarsa, harda ta yara. Bamu manta da kifewar kwale-kwale a Bagwai ta jihar Kano ba a 2021, 'yan Islamiyya a dam ɗin Watari, ga kuma namu na Mai'adua a 2022 lokacin ƙaramar sallah, Allah Ya jiƙansu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta daɗe tana cewa a sa riga kuma a daina tafiyar dare. Kafin a jefa ko ɗaya a ruwa aje a zauna da sarkin ruwan wajen da masunta, su suka san inda zurfi yake da inda kututture da raga suke ɓoye a ƙasa.

Nagode.
Mai karatunku daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.