Wasiƙa zuwa Kumasi kan takardun uwargida

Kaduna, Najeriya.

Zuwa ga aminina Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali, kuma harkokin kasuwa a Kumasi suna tafiya yadda ake so. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da ka yi game da inda aka kwana a maganar takardar zama 'yar ƙasa da nake nema wa uwargida, tun da kai ma kana da niyyar dawowa gida da iyalinka. Na ga ya fi dacewa in zauna in rubuta maka dalla-dalla, domin magana ce da ba ta ƙarewa a waya.

Har yanzu dai muna jira. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, idan ka karanta dokar kanta za ka ɗauka aikin mako guda ne. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce matar da take auren ɗan Najeriya, ko wadda ta taɓa aurensa, tana iya neman a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa, muddin Shugaban Ƙasa ya gamsu cewa mai halin kirki ce, ta nuna niyyar zama a Najeriya, kuma ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Sharuɗɗan ke nan. Ana shigar da buƙatar ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jami'an tsaro su yi bincikensu, kwamitin ba da shawara ya duba, sannan a kai gaban Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Ba a amincewa da mutum ɗaya-ɗaya, sai an tara jama'a a gabatar da su lokaci guda, kamar yadda aka yi a watan Satumba na 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ba mutum 286 takardar zama 'yan ƙasa a biki ɗaya. Saboda haka ko da takardunka sun cika tsaf, dole ka jira ayari ya haɗu.

Ka san uwargida 'yar Maraɗi ce, Bahaushiya gaba da baya, kuma shekarun da ta yi a Tudun Wada sun isa a ce ta fi ni sanin lungunan Kasuwar Barci. Ban taɓa kallonta a matsayin baƙuwa ba, ita ma haka, har sai da maganar aikin Hajji ta taso muka ga cewa kujerar da ake samu ta hukumar alhazai tana buƙatar fasfon Najeriya. Daga baya kuma aka yi juyin mulkin Nijar a ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, hanyar Jibiya da muka saba bi kamar zuwa unguwa ta gagara. An buɗe iyakar daga ɓangarenmu a watan Maris na 2024, amma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Duk da an ce za a ci gaba da barin mutane suna shige da fice, na ga bai kamata zaman matata a gidanta ya dogara da yadda dangantakar gwamnatoci ta wayi gari ba.

Wahalar farko ita ce takardar aure. Kai ma kana wurin lokacin da aka ɗaura aurenmu a ƙofar gidansu, waliyyai suka yi magana, aka ba da sadaki, aka raba goro da alawa, jama'a suka shaida, aka watse. Babu wanda ya ɗauki biro a ranar. Auren da ya inganta a shari'a, ya kuma haifar da 'ya'ya har wasu sun shiga sakandare, shi ne aka ce in kawo hujjarsa a rubuce. Sai da na nemo dattawa biyu daga cikin waɗanda suka halarta, ɗayansu ma tafiya tana yi masa wuya, muka je kotu aka yi takardar rantsuwa, sannan aka ba mu shaidar auren. Liman ɗin da ya ɗaura ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Daga nan sai takardar haihuwarta, wadda da Faransanci take, dole a fassara ta kuma a buga mata hatimin da za a yarda da shi. Ita takardar shekara kawai ta nuna, babu wata babu rana, domin ba a yi mata rajista lokacin da aka haife ta ba, sai da ta girma kotu ta ƙiyasta. Shi kuwa fom ɗin da ake cikewa ta intanet ba ya matsawa gaba sai an sa masa rana da wata. Ina zaune a shagon kwamfuta, yaron da yake cike mana ya juyo ya ce, "Baba, mu sa ɗaya ga Janairu kawai, kowa haka yake yi." Na ƙi yarda sai da na duba abin da ke cikin fasfonta, saboda kowace rana ka rubuta a wuri ɗaya za ta bi ka zuwa duk sauran takardu. Haka sunan mahaifinta ya jawo mana wata tafiyar: a takardun can an rubuta shi da salon Faransanci, a takardun haihuwar yaranmu kuma na rubuta shi yadda muke rubutawa a nan, bambancin bai wuce harafi biyu ba, amma a idon mai duba fayil mutum biyu ne daban. Wannan ma sai da aka koma kotu aka yi rantsuwa.

Kada ka ɗauka ita kaɗai ake tuhuma, ni ma sai da na tabbatar da cewa ɗan Najeriya ne. An nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukumata, ni kuwa a Kaduna aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan nake biyan haraji, amma aka ce in koma garin mahaifina a jihar Katsina. Na je garin da rabona da shi tun rasuwar kakata, mai unguwa ya yi ta kallona yana lalubo sunan gidanmu, sai da wani baffana ya tsaya mini aka sa hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda takardu suke tsufa a hannun mutum. Kafin ka samo ta biyar, wa'adin ta farko ya ƙare, hotunan da ka ɗauka an ce sun daɗe, izinin zamanta ma yana neman sabuntawa. Na sha hawa jirgin ƙasa daga Rigasa da sassafe in je Abuja, in wuni a kan benci a wani ofishi, a ƙarshe a ce mai sa hannun ya fita taro, ko a ce sabis ya ɗauke, in dawo mako mai zuwa. A irin wuraren nan ba a rasa masu raɗa maka cewa sun san wani a ciki, in ka ba da na goro fayil zai motsa. Ban bi ta nan ba, kuma ba na ba ka shawarar bi, domin takardar da za ta zama tushen fasfon matarka ba abar da za a gina a kan hanyar da ba za ka iya faɗa a gaban jama'a ba ce. Gaskiya kuma akwai ma'aikata na kirki, wata baiwar Allah ce ma ta zauna ta lissafa mini duk abin da ya rage a takarda ɗaya, da tun farko na samu haka da an rage rabin zirga-zirgar.

Game da fargabar da ka ce uwargidanka tana yi ta rasa ƙasarta ta Ghana, ka kwantar mata da hankali ta ɓangarenmu. Sashe na 28 bai tilasta wa wanda yake ɗan wata ƙasa ta hanyar haihuwa ya yi watsi da ita ba. Yaranku kuwa 'yan Najeriya ne tun ranar da aka haife su, ko da a Kumasi ne, kamar yadda sashe na 25 ya tanada, tun da kai ɗan ƙasa ne.

Maganar ƙanwarka da take auren ɗan Ghana ita ce mai nauyi, kuma gara in faɗa maka yadda take. Ƙofar rajistar nan mata kawai aka buɗe wa. Mijin 'yar Najeriya sai dai ya bi sashe na 27, wanda yake neman zaman shekara 15 a ƙasar, da kuma ra'ayin gwamnan jihar da yake zaune cewa jama'ar wurin sun karɓe shi. A watan Maris na 2022 an kawo ƙudurin gyara wannan a Majalisar Dokoki ta Ƙasa, 'yan majalisa suka ƙi amincewa, mata suka yi zanga-zanga a ƙofar majalisar. Nijar da muke gani kamar tana bayanmu ta gyara tata dokar tun 2014, mace tana iya ba mijinta ƙasarta. A ganina babu adalci a ce kai kana da wannan dama, ita kuwa ƙanwarka ba ta da ita, alhali uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Don haka tun kana can ka yi rajistar aurenku, ka karɓi takardar haihuwarta ta asali, ka jera duk takardunku a tabarma ka duba ko sunaye da ranaku sun yi daidai harafi da harafi. Kai aƙalla ka huta da fassara, tun da na Ghana da Ingilishi suke. Ka aiko mini da hoton takardar asalin ƙaramar hukumarka in duba ko tana nan da ƙarfinta, idan kuma babu, zan sa a fara nema maka kafin ka iso.

Uwargida tana gaida uwargidanka da yara. Ka miƙa gaisuwata ga mutanen Zango baki ɗaya. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini a Kaduna.